Da Sauƙi, In Ji Auta

Shafi na 31

Masu cewa na cika jan rai, na ji, na kuma haɗiye. Ke da kika rubuto min cewa in Yaya bai gamu da sakamakonsa a wannan shafin ba kin daina karantawa, sai dai ki yi haƙuri 'yar'uwa, ni ma ba haka na so abin ya tafi ba. Ku gyara zama.

*

Auta na tsaye a bakin tagar ɗakin da aka kwantar da Babansu, tana kallon jama'ar da ke taruwa a ƙofar asibitin. Tun ranar da Baban nasu, Sanata, ya yanke jiki ya faɗi a wajen taro, kullum safiya haka suke cika wurin. Direbobi, 'yan kasuwa, malaman makaranta, tsofaffi masu dogara sanda. Ba sa watsewa sai ta sauka ta faɗa musu yadda ya kwana.

Yaya ne ya ɗora mata wannan aikin. Ya ce ita ce mai kama da Baba, ita ce ba ta taɓa hawa dandamali ta yi wa kowa alkawari ba, in ta buɗe baki za a yarda.

To me take faɗa? Abin da ni da ku muke faɗa mana. A ce ya mai jiki, ka ce da sauƙi. Ko mutum numfashinsa na fita da ƙyar haka ake cewa, kuma ban taɓa jin an kira wannan ƙarya ba.

Ƙofa ta buɗe, Likita ya shigo. Dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba ya yawan magana. Ya duba na'urar da ke gefen gado, ya ɗaga fatar idon Baba, ya saki.

"Likita, ina kwana."

"Lafiya lau, Malama."

"Jiya na ga kamar ya motsa ɗan yatsansa. Wannan, na dama."

Likita bai kalle ta ba. Ya shiga gyara robar ƙarin ruwan da ba ta buƙatar gyara.

"Na ji," ya ce. "A rediyon motata na ji kina faɗa."

"Alamar sauƙi ce ko?"

Sai ƙarar na'urar, fuuu, tsit, fuuu, tsit. Ƙirjin Baba na ɗagawa yana sauka.

Likita ya je ya tura ƙofa ta rufu, ya dawo ya tsaya a gabanta.

"Malama, ba a yi miki magana ba?"

"Wace magana?"

"Ina da 'ya kamar ki. Da safen nan da na ji muryarki sai da na tsayar da mota a gefen titi. Na ce ko dai yarinyar nan ta fi kowa iya wasan kwaikwayo, ko kuma ba ta sani ba."

"Ban san me ba?"

"Mahaifinku ya riga ya tafi."

Auta ta juya ta kalli gadon. Ta kalli ƙirjin da ke ɗagawa. Har wata 'yar dariya ta kufce mata, irin wadda ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Ga shi yana numfashi, Likita."

"Ba shi ba ne. Na'urar ce ke hura masa iska. Ƙwaƙwalwarsa ta tsaya tun makon da aka kawo shi. Na gwada, na kira wasu likitocin suka gwada, muka sake gwadawa. Babu kowa a jikin nan, Malama."

"Yatsan fa?"

"Jijiya ce. Yakan faru."

Ta laluba kujerar roba ta zauna. Duk safiyar duniya tana shafa masa mai a ƙafa, tana ba shi labarin gida, tana faɗa masa wa ya zo wa bai zo ba. Ashe da bango take hira.

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Na faɗa wa iyali a ranar. Aka ce in jira."

"A jira me?"

"Wannan ba a faɗa min ba." Ya kama hannun ƙofa, sannan ya waiwayo. "Ni ma ba wanke kaina nake ba. Na jira ɗin ai."

*

A ɗakin baƙi na ƙarshen baranda ta samu Yaya. Shi ne babban wansu, shi ke riƙe da ofishin Baba tun kafin ciwon. Yana zaune da wayoyi biyu a kan cinya, yana amsa ɗaya.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Wallahi da sauƙi. Mun gode, mun gode."

Ta tsaya a kansa har ya kashe.

"Auta, lokaci ya yi fa. Mutane na jira a ƙasa. Me ya samu idonki?"

"Yaushe Baba ya rasu?"

Wayar ta zame daga cinyarsa ta faɗi. Bai ɗauka ba.

"Wa ya faɗa miki wannan maganar banzar?"

"Yaya, tambayarka na yi."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba!"

Ya miƙe ya rufe ƙofa, ya jingina da ita. Ya daɗe yana murza goshi. Sai a lokacin ta lura da yadda ya rame, wuyan rigarsa har yawo yake.

"To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce. "Zauna."

"A tsaye zan ji."

"Kin san dokar cike gurbi?"

"Ina ruwana da wata doka? Ubana nake tambayarka!"

"Da ruwanki, tunda ubanki ne ya rubuta ta."

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo labarin a tsakiya. A da, ba jama'a ke zaɓen sanata ba. 'Yan majalisar jiha ne ke shiga ɗaki su kulle ƙofa, su fito da sunan wanda suka ga dama. Baban su Auta ne ya ɗaure akwatin zaɓe a saman tsohuwar motarsa, ya bi gari gari yana cewa kujerar ta mutane ce, a ba su su zaɓa da hannunsu. An kama shi, an sake shi, an sake kamawa. Ƙarshe dai aka canza dokar, kuma shi ne sanatan farko da jama'a suka dangwala wa da yatsunsu. Har yau ba mai kiran sa da sunansa. Mai Akwati ake cewa.

Yaya ya ce, "In kujera ta zama babu kowa, kuma saura fiye da shekara wa'adi ya ƙare, dole a yi zaɓen cike gurbi. Jama'a su fito su zaɓa. In kuwa abin da ya rage bai kai shekara ba, gwamna ne ke naɗa wanda zai yi riƙon ƙwarya."

"To?"

"Ranar da sabon wata ya kama, abin da ya rage wa Baba bai kai shekara ba."

Auta ta zuba masa ido. A hankali maganar ta sauka, kamar ruwan sanyi a bayan wuya.

"Wato Baba ba zai mutu ba sai wata ya mutu."

"Kada ki faɗe shi haka."

"Ta yaya zan faɗe shi? Wa gwamnan zai naɗa?"

Yaya ya kawar da kai.

"Innalillahi," ta ce. "Yaya. Kai?"

"Ki saurare ni..."

"Ka ajiye gawar ubanmu a kan gado kana mata famfo kamar tayar keke, don ka hau kujerarsa?"

"Ki iya bakinki! Kina tsammani ina barci? Kina tsammani daɗi nake ji in shiga ɗakin nan in gan shi?" Muryarsa ta karye. "Kin san wa zai ci in aka yi zaɓe yau? Mutumin da Baba ya ƙare rayuwarsa yana hana shi sayar da filayen makarantu. Ya riga ya buga hotuna, Auta. Suna jibge a gidansa, sanarwa kawai yake jira. Duk abin da Baba ya gina, kafin shekara ta zagayo ya rushe shi."

"To ka fito takara mana. Ka kayar da shi."

"Ba za su zaɓe ni ba."

Ya faɗe ta a hankali, kansa a ƙasa. Ni dai tun da na fara rubuta Yaya, ban taɓa jin gaskiya ta fito daga bakinsa tsirara haka ba.

"Na sani," ya ce. "Ba ni da bakin Baba, ba ni da farin jininsa. In na shiga taro, ɗan Mai Akwati ake cewa, ba wanda ya damu ya san sunana. Amma na san aikinsa. Wata goma sha ɗaya kawai, in ƙarasa abin da ya fara."

"Ta ƙofar da ya ƙare rayuwarsa yana toshewa."

"Shi ya bar ƙofar a dokar!"

"Don lalura ya bar ta, ba don 'ya'yansa su tsare wa mutuwa hanya ba."

Yaya ya sunkuya ya ɗauki wayarsa, ya goge fuskarta da hannun riga.

"Ko ma mene ne, kin riga kin shiga ciki."

"Ni?"

"Shugaban majalisar dattawa ya so turo likitocinsu su duba shi tun makon jiya. Da sun zo da magana ta ƙare. Kin san me ya tsayar da su?"

Ta girgiza kai.

"Muryarki. Na tura masa abin da kika faɗa a ƙofa. Ya ce tunda Auta ta ce da sauƙi, a ƙyale iyali su yi jinyarsu."

"Gaisuwa ce fa, Yaya! An gaishe ni na amsa!"

"Na sani. Shi ya sa ba wanda zai ce kin yi ƙarya."

Wayyo. Kun san zafin ka gane an yi shara da kai, alhali kana tsammanin kai ne ɗan lele? Hawayen ma ƙin zuwa suka yi. Ta kama hannun ƙofa.

"Matsa. Umma zan faɗa wa. Yau za ka san ka ɗebo ruwan dafa kanka."

Bai hana ta ba. Ya matsa gefe, ya buɗe mata ƙofar da kansa.

"Je ki," ya ce. "Tana ɗakin."

*

Umma na zaune a bakin gado da ƙaramin tawul da ruwan ɗumi a roba, tana goge wa Baba fuska. Ta bi bayan kunne, ta bi ƙasan gemu, a hankali kamar mai tsoron tashin sa daga barci.

Auta ta durƙusa a gabanta, ta kama gwiwarta. Sai yanzu kukan ya zo.

"Umma... Umma, sun cuce mu. Yaya ya cuce mu. Likita ya ce Baba..."

"Na sani."

Umma ba ta daina gogewa ba.

"Ba ki gane ba, Umma. Cewa ya yi tun makon..."

"A gabana ya faɗa. Ni na ce a jira."

Auta ta saki gwiwar. Ta ja baya har ta jingina da ƙafar kujera.

"Ke?"

"Yayanki kuka ya yi ranar, ya ce a cire na'urar a kai shi makwancinsa. Ni na hana. Ni na kira gwamna."

"Don Yaya ya zama sanata?"

Umma ta matse tawul ɗin a roba. "Yayanki ko wani, wannan bai dame ni ba. Ko sandar shara gwamna ya naɗa, na yarda. Su ne dai ba za su zaɓa ba."

"Su wa?"

Umma ta nuna taga da haɓa.

"Waɗancan. Masu taruwa suna matse ido."

"Umma, masoyansa ne."

"Masoya!" Ta yi wani murmushi mai ciwo. "Ke ba ki je taron ba, ni na je. Ina zaune a bayansa. Ya tashi zai yi musu bayanin abin da ya tsayar da aikin ruwa, ba su bar shi ya haɗa kalma biyu ba. Ba ma yi, ba ma yi. Wani ya jefo robar ruwa ta same shi a ƙirji. Wani yaro da bai kai Yayanki ba ya ce masa tsoho ka ci ka ƙoshi, sauka. Mutumin da ya kwana a ɗakin 'yan sanda don a ba su wannan bakin da suke zagin sa da shi."

"Ba duka ba ne..."

"Ban ga wanda ya tashi ya hana ba. Ya juyo ya kalle ni, Auta. Kallon bai fita daga idona ba. Sannan ya faɗi." Ta ajiye tawul ɗin. "Shekara nawa ina cin abinci ni kaɗai saboda su? Ranar da aka haife ki yana wani ƙauye da akwati a kan mota. Na ba su mijina da ransa, suka dawo min da shi haka. Yanzu kuma in miƙa musu kujerarsa, su yi layi suna dariya, su sayar da ita a kan sabulu da atamfa?"

"Ba tasa ba ce, Umma."

"Me kika ce?"

"Shi ya ce. Tun ina ƙarama nake ji. Aro aka ba ni, ranar da na tashi a mayar wa masu ita. Ko da za su ba wa wanda bai dace ba, tasu ce."

"Ya faɗa, ga inda ta kai shi."

Fuuu, tsit. Fuuu, tsit.

Auta ta kalli fuskar Baba. Leɓɓansa sun bushe a gefen robar da aka zura masa. Mutumin da ko hula ba ya yarda a gyara masa, ga shi ana juya shi kamar kayan wanki.

"Umma, ko ba don zaɓen ba. Dubi yadda yake. Ki bar shi ya huta."

Umma ta miƙa hannu. Ta kai shi kan goshin mijinta ta bar shi a can.

"Da ɗuminsa," ta ce, muryarta can ƙasa. "Taɓa ki ji. Har yanzu da ɗuminsa."

Nan Auta ta gane ba fushi kaɗai ke riƙe da Umma ba, kuma wannan ɗin ya fi fushin wuyar kwancewa.

Aka ƙwanƙwasa. Yaya ya leƙo.

"Rana ta yi. 'Yan jarida sun fara tambaya ko lafiya."

Umma ta share ido da gefen mayafi, ta gyara zama. Fuskarta ta koma yadda take.

"Tashi ki wanke fuska, ki sauka."

"Ba zan iya ba."

"Kalma biyu ce. Kin saba."

"Da ban sani ba nake faɗa."

"Auta." Umma ta kalle ta ido cikin ido. "Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ki sauka ki ce da sauƙi, ki dawo. In kika faɗi wani abu ban da wannan, to ki sani ba uba kaɗai kika rasa ba yau."

*

Matakalar asibitin ba ta taɓa yi mata tsawo haka ba. Yaya na biye da ita, tana jin numfashinsa a bayanta.

Suna fitowa jama'a suka matso. Masu gadi suka tare da hannu. 'Yan jarida suka miƙo wayoyi da na'urorin ɗaukar magana har suna taɓa mata haɓa.

"Ga Auta nan!"

"Allah Ya ba Mai Akwati lafiya!"

Ta bi fuskokin da kallo. Wa ya sani, wataƙila wanda ya jefa robar ruwan yana cikinsu, yana amsa amin da ƙarfi. Wataƙila Yaya ya yi gaskiya, mai filayen ne zai ci.

A gaba, inda ta saba tsayawa, ga wata tsohuwa mai tallar tsintsiya. Kullum sai ta ajiye tallarta ta zo, kuma kullum sai ta ba Auta labari ɗaya: yadda ta yi layi tun safe har rana ta take a zaɓen farko, yadda ta ƙi wanke yatsanta har tawadar ta goge da kanta. Auta na kiran ta Inna.

Tsohuwar ta kamo hannunta da hannu biyu.

"'Yata, kin makara yau, har gabana ya faɗi. Ya mai jikin?"

Yaya ya ɗora hannu a kafaɗarta, ya ɗan matsa.

Kalmomin na nan a kan harshenta, sun san hanya, ko ba ta yi komai ba za su fito da kansu. Ta buɗe baki. Ta rufe.

"'Yata? Ya jikin nasa?"

Auta ta juya hannun tsohuwar, ta kama babban yatsanta ta riƙe.

"Inna," ta ce, muryarta na rawa, amma kowa ya ji. "Katin zaɓenki yana nan kuwa?"

Tsohuwar ta tsaya tana kallon ta. Ta kalli yatsan. Ta kalli tagar bene. Sai leɓenta ya fara karkarwa, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Salatin ya tashi daga gaba ya bi ta cikin taron har bakin titi. Hannun Yaya ya zame daga kafaɗarta.

Auta ta waiwaya.

Umma na tsaye a saman matakala, tawul ɗin na hannunta yana ɗigar ruwa.